Mene ne "mitof" a bakin masu rubuta manhaja?

Idan ka ji masu rubuta manhajar kwamfuta suna cewa za su je mitof, suna nufin haɗuwar da masu sha'awar wannan sana'a da ke zaune a gari ɗaya suke yi lokaci-lokaci, galibi sau ɗaya a wata, da yamma bayan an tashi daga aiki ko a ƙarshen mako. Babu malami guda da ke gaban aji, ba a ba da takardar shaida, kuma ba irin babban taron shekara-shekara ba ne da ake yankar tikiti a yi doguwar tafiya. Yawanci kyauta ake shiga, 'yan sa-kai ne ke shiryawa, ɗakin ma na aro ne: ajin jami'a, zauren ɗakin karatu, ko ofishin wani kamfani bayan ma'aikata sun watse. Wasu ƙungiyoyin kan yaren kwamfuta ɗaya suke taruwa, kamar Python ko JavaScript ko Ruby, wasu kan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wasu kuma ƙofarsu a buɗe take ga duk mai taɓa kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Sunan ya bazu ne da dandalin Meetup da aka buɗe a Amurka a 2002 don sanar da irin waɗannan tarurruka, amma yanzu ko ba a bi ta dandalin ba, da zaman da ƙungiyar duk haka ake kiransu.

Abin ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Tun a 1955 ma'aikatan kamfanonin da ke aiki da manyan kwamfutocin IBM a yankin Los Angeles suka kafa ƙungiyar SHARE. A wancan zamani injin kusan tsirara yake zuwa, kowane kamfani sai ya rubuta wa kansa hatta ƙananan manhajojin da kowa ke bukata. Da suka ga wahala ɗaya suke sha kowa a ɗakinsa, sai suka fara musayar abin da suka rubuta. SHARE tana nan har yau.

Amma kakan mitof na gaskiya, na masu yi don sha'awa, shi ne Homebrew Computer Club. Ranar 5 ga Maris 1975 Gordon French da Fred Moore suka tara mutum talatin da 'yan kai a garejin French da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya, don su ga Altair 8800, kwamfutar da ake sayarwa a wargaje mutum ya haɗa da hannunsa, ba allo ba kibod, sai makunnai da 'yan fitilu. Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple daga baya, yana cikin waɗanda suka zo, kuma a wannan ƙungiya ya nuna kwamfutar da ta zama Apple I, yana raba zanen haɗinta kyauta ga duk mai so. Labarin Apple ya danne sauran tarihin ƙungiyar, alhali yadda suke gudanar da zama ya fi amfani ga mai son gane mitof. Lee Felsenstein, wanda ya daɗe yana jagorantar zaman, yakan fara da ba kowa dama ya miƙe ya faɗi a taƙaice abin da yake da shi ko abin da yake nema: wannan yana da rarar kayan haɗi, wancan ya maƙale a wani wuri, wani ya ji labarin sabon abu. Ba a tsayawa warware matsalar kowa a lokacin. Sai an gama zagaye a saki taro, kowa ya nufi mutumin da ya ji yana riƙe da abin da yake nema. Rabon nasu ma ya wuce gona da iri, don har manhajar Altair BASIC suka riƙa kwafa suna ba juna, abin da ya sa Bill Gates, wanda kamfaninsa ne ya rubuta manhajar don sayarwa, ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa a Fabrairun 1976 yana kiran abin sata, aka kuma buga ta a takardar labaran ƙungiyar.

Bayan fitowar Linux a 1991 ƙungiyoyin masu amfani da shi suka yawaita a birane da jami'o'i, suka kuma shahara da ranar girke Linux. Mutane kan ɗauko kwamfutar tebur ɗungurungum, da allonta mai nauyi, su kawo zaure, waɗanda suka iya su zauna da su har injin ya tashi, saboda a lokacin sa Linux ya gane katin hoto ko na'urar shiga intanet ba ƙaramin aiki ba ne.

Mitof na yau yakan buɗe da jawabi ɗaya ko biyu na wajen rabin awa, wani ya haɗa laftof da majigi ya nuna abin da ya gina ko ya koya. Daga nan a wurare da dama sai jawaban walƙiya, minti biyar kowa, in lokaci ya cika a tafa maka ka sauka ko ka gama ko ba ka gama ba. Mark Jason Dominus ne ya raɗa wa wannan salo sunansa a taron masu yaren Perl a 2000. Gajartar ce amfaninsa: wanda bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba zai iya jure minti biyar, masu sauraro ma za su iya jure masa.

Jawabi shi ake rubutawa a sanarwa, shi ne kuma hujjar fitowa daga gida. A ganina dai shi ne mafi ƙarancin abin da ake samu, don kusan duk batun da za a gabatar akwai wanda ya fi iya bayaninsa a bidiyo. Abin da bidiyo ba ya bayarwa shi ne abin da ke biyo baya, sa'ad da aka ja kujeru aka buɗe laftof.

Ɗauki misalin 'yar koyo da ta fara Python kwanan nan. A Python, pip shi ne abin da ake saka ƙunshi da shi, wato kod da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya yi amfani da shi. Ta juya allonta ga na kusa da ita ta ce, "Malam, don Allah duba min. Na saka wannan ƙunshin da pip, ya ce ya shiga, amma da na kunna aikina sai ya ce babu shi." Wanda ya iya taimako ba ya janye laftof ɗin gabansa. Sai ya ce, "Karanta min layin ƙarshe na saƙon kuskuren." A Python layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma suna nuna fayil da lambar layin da abin ya faru, amma sabon shiga yakan ga tulin rubutu ya firgita tun daga layin farko. Ta karanta. Ya sake tambaya, "Wane Python ne ke kunna miki aikin? Sa shi ya faɗa miki inda yake zaune." Sai ga shi ashe guda biyu ne a injin: pip ya zuba ƙunshin a ɗaya, manhajar da take rubutu a ciki kuma tana kiran ɗayan. Ya nuna mata yadda ake kiran pip ta bakin Python ɗin da ake so, ya ce in ta samu sarari ta karanta yadda ake keɓe wa kowane aiki nasa muhallin. Ita ta buga komai da yatsunta. Cikin minti goma an wuce wurin da zai iya cinye mata kwanaki, kuma irin wannan wuri ne mutane da yawa ke ajiye koyon gaba ɗaya, suna zaton kansu ne ba ya ja.

Me ya hana ta samo amsar a intanet, ko wurin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya? Amsar tana can, sau dubu ma. Sai dai ba ta san cewa tambayar ita ce "wane Python" ba, don ba ta san za a iya samun biyu ba. Wanda ke gefenta yana ganin allon gaba ɗaya, har da abin da ba ta ga dalilin ambata ba. Shi ne kuma zai iya dakatar da ita ya ce, "Tsaya, tun asali me kike son yi?" Sau da yawa ɗan koyo yakan zo da tambaya kan yadda zai gyara wata hanya da ya zaɓa, alhali hanyar ce tun farko ba ta kai inda za shi.

Sai kuma tambayar da ta fi wuya: shi gwanin me yake samu? Wani ɓangare a fili yake. Guraben aiki da yawa ta baki suke yawo kafin a tallata su, kuma wanda aka gani wata da watanni yana warware wa mutane matsala ba ya bukatar dogon bayani kan iyawarsa. Koyarwa ma tana tona wa mutum inda saninsa ya tsaya, don abin da hannu ya saba yi ba lallai baki ya iya faɗin dalilinsa ba. Akwai kuma kaɗaici. Mai rubuta manhaja shi kaɗai a ma'aikatarsu, ko mai aiki daga gida, yakan yi makonni bai haɗu da wanda zai gane abin da ya hana shi barci ba. Zumunta a ƙafa take, kuma an ga haka a 2020 da annobar korona ta mayar da tarurrukan kan bidiyo: jawabai sun ci gaba lafiya lau, amma jan kujera kusa da wani ya gagara, ƙungiyoyi da dama kuma ba su farfaɗo ba bayan an buɗe gari.

Taimakon ba bashi ba ne da ake biyan wanda ya bayar. Wadda aka nuna wa layin ƙarshe yau, bayan 'yan watanni ita za ta nuna wa wani. Sau da yawa ma ta fi tsohon gwani iya koyar da sabon shiga, don ba ta manta inda abin yake ruɗarwa ba, shi kuwa ya daɗe da mantawa cewa akwai ranar da bai sani ba.

Wannan duka yana tsayuwa ne a kan abu ɗaya, wato mutum ya iya nuna kod ɗinsa da ya lalace ba tare da an muzanta shi ba. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ke da rubutattun ƙa'idojin zama. Waɗanda aka fi ara su ne na Recurse Center da ke Niyok, cibiyar da masu rubuta manhaja ke zuwa su ƙara sani. Ɗaya ta hana nuna mamakin ƙarya, irin "Kai! Wai ba ka san wannan ba?" Wata ta hana katse mutum don gyara ɗan ƙaramin abin da bai shafi zancen ba. Wata ta hana jefa shawara daga nesa cikin aikin da ba ka zauna ka shiga ba. Ta farkon ce ta fi muhimmanci a wurina, domin mai faɗin haka yakan ɗauka raha yake yi, wanda aka faɗa wa kuwa ba zai ƙara buɗe baki ba a ranar, wataƙila ba zai dawo ba. Eric Holscher ya ƙara wata dabara mai sauƙi da ake kira ƙa'idar Pac-Man: in kun tsaya kuna hira a da'ira, ku bar gurbin mutum ɗaya a buɗe, in wani ya shigo ku sake buɗe wani.

Inda ƙa'ida ba ta wadatar ba, mutane sun kafa nasu. PyLadies, ƙungiyar mata masu amfani da Python, ta fara a Los Angeles a 2011. A 2014 Ola Sitarska da Ola Sendecka suka shirya zaman Django Girls na farko a birnin Balin na Jamus, bita ta yini ɗaya kyauta inda mata ke zama 'yan ƙalilan da mai jagora ɗaya har kowace ta gina ƙaramin shafinta na intanet. CoderDojo, wadda James Whelton da Bill Liao suka fara a Cork ta ƙasar Ailan a 2011, ta yara ce 'yan shekara 7 zuwa 17.

Ana yawan haɗa mitof da hakaton, amma ba ɗaya ba ne. Hakaton zama ne na yini ɗaya ko 'yan kwanaki a gina wani abu a gama, kamar wanda masu gina manhajar OpenBSD su goma suka yi a Calgary ta Kanada a Yunin 1999, ko da yake na yanzu yawanci gasa ce da alƙalai da kyaututtuka. Ƙungiyar mitof tana iya shirya hakaton, ko ta ware rana a taimaka wa wata buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, da gyare-gyare, sai dai ƙarfinta yana ga dawowa wata bayan wata.

A nan ne kuma rauninta yake. Kamfanin da ya ba da ɗaki yakan so a ba shi minti goma, goman ta zama talatin, jawabi ya koma talla. Akwai mai zuwa da aikin makaranta ko na ofis yana so a yi masa gaba ɗaya, ba a nuna masa ba. Akwai tsofaffin 'yan ƙungiya da ke dunƙulewa wuri ɗaya suna dariyar abin da su kaɗai suka gane. Duk waɗannan da sauƙi a kan matsalar mai shiryawa. Kusan kowace mitof a wuyan mutum ɗaya ko biyu take rataye: shi ne mai roƙon ɗaki, mai farautar wanda zai yi jawabi, mai zuwa da wuri ya gwada majigi, mai jera kujeru ya kuma kwashe su, ga takaicin mutum hamsin su ce za su zo a ga ashirin. Ba a biyansa, kuma masu zuwa da yawa ba su san ana yin wannan aiki ba sai ranar da aka daina. In ya yi aure, ya sauya gari ko ya gaji kawai, sai a tsallake wata ɗaya, a tsallake na biyu, shi ke nan.

Ƙungiyoyin da suka daɗe sukan tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, kamar Talatar farko ta kowane wata, a zauna ko da mai jawabi ko babu. Sukan raba aikin tun mai shi bai gaji ba, wannan ya riƙe maganar ɗaki, wancan masu jawabi, wata kuma tarbar baƙi a bakin ƙofa, kuma kalmar sirrin shafin sanarwa ba ta zama a hannun mutum ɗaya. Sabon mai shiryawa galibi daga cikin masu tsayawa kwashe kujeru ake samo shi, don haka wanda ke riƙe da ragamar yakan lura da su, ya fara ba ɗayansu buɗe taro na wata mai zuwa.