Ɗumama gini da sanyaya shi da ruwan tafki: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Ta yaya ruwa mai sanyi zai ɗumama gida?

Da injin janyo zafi. Ku taɓa bayan firiji, za ku ji ɗumi, wato zafin da aka ciro daga cikinsa. Wannan injin ma haka yake yi, sai dai daga ruwa yake tatsar zafin ya zuba a gini. Ko ruwa mai digiri 6 yana da abin tatsa.

Ke nan kyauta ne?

A'a. Injin yana cin lantarki, amma zafin da yake bayarwa yakan ninka lantarkin da ya ci sau uku zuwa huɗu.

Ba sabon abu ba ne da ba a gwada ba?

Tun 1938 aka fara ɗumama zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan da ruwan kogin Limmat. A Drammen ta ƙasar Norwe kuma, tun 2011 ake tatsar zafi daga ruwan teku ana tura wa gidaje ruwa mai digiri 90. Don Allah a daina kiransa gwaji.

Ina batun sanyaya?

Shi ya fi sauƙi. Ruwa ya fi nauyi idan yana digiri 4, saboda haka yake kwanciya a ƙasan tafki mai zurfi ko da rana ta gasa samansa. Tun 2004 birnin Toronto na Kanada yake janyo shi daga zurfin mita 83 a tafkin Ontariyo yana sanyaya manyan gine-gine, sannan ruwan ya wuce cikin ruwan sha na birnin.

Laka kuma fa?

Lakar da ke ƙarƙashin ruwa tana ajiye zafin rana, ba ta kuma sakinsa da wuri. A Vaasa ta Finlan an tura bututu cikin lakar bakin teku a 2008 domin ɗumama gidajen wata unguwa.

Akwai tafki kusa da ginina, zai yi?

Wataƙila, wataƙila kuma a'a, duk wanda ya ce maka i kafin ya auna ruwan, kasuwarsa yake yi. Farko sai a san zurfinsa da yanayin zafinsa a kowane lokaci na shekara, domin ruwan tafki marar zurfi yana bin zafin iskar waje ne, ya yi zafi daidai lokacin da kake neman sanyi. Sannan labarin digiri 4 na ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani ne. A yankuna masu zafi ƙasan tafki ba ya yin wannan sanyin; tafkin Tanganyika na gabashin Afirka duk zurfinsa yana sama da digiri 20 a ƙasa, sai dai teku, inda akan gangara kusan mita 1,000 kafin a samu ruwan da ake so. Duk da haka ruwa mai ɗan ɗumi bai zama banza ba, tunda idan ya fi iskar waje sanyi, na'urar sanyaya za ta zubar da zafinta cikinsa da ƙarancin lantarki.

Sai zaɓin hanya. Ko dai a janyo ruwan kansa a mayar da shi, wanda ya fi ƙarfi amma gansakuka da ƙananan katantanwa kan toshe matata, ruwan gishiri kuma ya ci ƙarfe, ko kuma a nutsar da rufaffen bututun roba mai ɗauke da nasa ruwan, wanda ya fi sauƙin kulawa amma yana son tsawo sosai, anga ko ragar masunta kuma na iya tsinka shi. Ga ƙaramin gini na fi karkata ga na biyun, muddin nisa bai yi yawa ba, don kuɗin haƙa da shimfiɗa bututu shi ke kashe yawancin irin wannan shiri.

Ba zai kashe kifi ba?

Ku kwantar da hankalinku, gida ɗaya ba zai sauya babban tafki ba. Amma ruwan da aka ɗebo daga ƙasan tafki aka zubar a samansa yana iya ciyar da gansakuka, shi ya sa hukuma take ƙayyade zafinsa da inda za a mayar da shi. A nemi izini kafin a sayi bututu.