Ta wace ƙofa ɗan Adam ya fita daga Afirka?

Mece ce ake kira hanyar kudu?

Masana sun yarda cewa mutum irin namu a Afirka ya fara bayyana, kimanin shekaru 300,000 da suka wuce. Inda ake ja-in-ja shi ne ƙofar da ya bi ya fita. Wasu sun ce ta Sinai. Masu ra'ayin hanyar kudu kuwa sun ce ta mashigin Babul Mandab ne, tsakanin Jibuti da Yemen, daga nan aka bi gaɓar tekun ƙasar Larabawa, aka shiga Indiya, har aka dangana da Ostireliya.

To ruwan fa?

Faɗin mashigin a yau kusan kilomita 30 ne. A zamanin ƙanƙara, lokacin da duniya ta yi tsananin sanyi, teku ta ja baya, mashigin ya tsuke ƙwarai, amma bai ƙafe ba. Duk wanda ya haye, sai da ya taka ruwa.

Me aka tono?

A Jebel Faya da ke Sharja, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an sami kayan aiki na dutse masu shekaru kimanin 125,000. A Dhofar ta Oman an sami wasu masu shekaru 106,000, sassaƙarsu sak irin ta kwarin kogin Nilu a Sudan da Masar. Sai dai dutse ba ya faɗin wanda ya sassaƙa shi.

Shi ya sa ni abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ɗan ƙashin yatsa da aka ba da labarinsa a 2018, daga Al Wusta cikin hamadar Nefud ta Saudiyya. Tsawonsa kusan santimita uku ne kacal, shekarunsa aƙalla 85,000, kuma na mutum ne irinmu. A gefensa akwai ƙasusuwan dorina, a wurin da yau ba komai sai rairayi. A Alathar ma, cikin wannan hamadar ta Nefud, an ga sawun ƙafar mutane guda bakwai a bakin tsohon tafki, cuɗe da na giwaye da raƙuma. Ashe ƙasar Larabawa ta taɓa zama kore shar! Amma Nefud a arewa take, don haka mai yiwuwa waɗannan ta Sinai suka shigo.

Me ya sa shaidar bakin teku ta yi ƙaranci?

Bayan zamanin ƙanƙara ruwa ya taso da kimanin mita 120, ya haɗiye tsohuwar gaɓa da duk zangon da ke kanta.

Waɗannan mutanen da aka ga alamunsu a ƙasar Larabawa su ne kakannin mutanen Asiya da Turai?

Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna yawancin waɗanda ba 'yan Afirka ba sun fito ne daga ayarin da ya fita tsakanin shekaru 50,000 zuwa 60,000 da suka wuce. Masu sawun Alathar sun riga wannan ayarin da dubban shekaru.