Obama, McCain, 'yan jarida da kuɗin ceton bankuna: ga amsoshin, kada a sake tambayata

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya matso, sai tambayoyin zaɓen 2008 su dawo mini kamar jiya aka yi shi. Mutum ya ji rabin magana a majalisar mai shayi, ya zo yana so in tabbatar masa. Na amsa har bakina ya gaji. Ga su nan na tara a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Su wane ne ma masu ra'ayin riƙau a Amurka?

Mutanen da ke son gwamnati ta rage haraji, ta rage kashe kuɗi, ta cire hannunta daga kasuwa. Da yawansu masu riƙo da coci ne da tsarin iyali irin na da. Mafi yawansu jam'iyyar Republican suke zaɓa. Wannan ya isa.

Wa ya ci zaɓen 2008?

Barack Obama, ranar 4 ga Nuwamba. Ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 365, John McCain ya samu 173. Wannan ai ko a waya ka duba za ka gani.

Ba Obama ne ya kwashi dala biliyan 700 ya ba bankuna ba?

Haba malam. Lokacin da aka sa wa dokar ceton bankuna daga rikicin kuɗi na shekarar hannu, ranar 3 ga Oktoba 2008, Obama sanata ne daga Illinois, ko zaɓen ma ba a yi ba. George W. Bush ne shugaban ƙasa, ɗan Republican. Wanda ya kawo shirin Sakataren Baitulmalinsa ne, Henry Paulson, tsohon shugaban bankin Goldman Sachs, kuma takardar farko da ya kai majalisa shafi uku ce kacal, yana neman a ba shi kuɗin ba tare da kotu ta iya duba abin da zai yi da su ba. Sunan shirin TARP. Obama ya jefa ƙuri'ar amincewa a Majalisar Dattawa, McCain ma haka, aka ci 74 da 25.

Abin da ke rikita ku shi ne akwai wata doka daban, ta dala biliyan 787, wadda Obama ya sa wa hannu a Fabrairu 2009 don farfaɗo da tattalin arziki. Biyu ne. Ku daina cakuɗa su.

To idan shugabansu ne ya kawo, me ya sa masu ra'ayin riƙau suka ƙi?

Saboda ya ci karo da abin da suka shekara talatin suna wa'azi a kai. A wurinsu kasuwa ita ke hukunta wanda ya yi ganganci: ka ci riba taka ce, ka faɗi kai ka jiyo. Idan banki ya san duk cacar da ya yi gwamnati za ta biya masa da kuɗin haraji, gobe cacar da zai yi ta fi ta yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba a baki kawai suka tsaya ba. Ranar 29 ga Satumba, da aka kawo dokar Majalisar Wakilai karo na farko, aka kayar da ita, 228 da 205. 'Yan Republican 133 ne suka ce a'a, 65 kaɗai suka bi shugabansu. A ranar ma'aunin kasuwar hannun jari na Dow Jones ya faɗi da maki 777. Bayan kwana huɗu aka sake kawo ta da 'yan gyare-gyare, ta wuce da 263 da 171. Bush da kansa ya faɗa a Disamba cewa ya ajiye ƙa'idojin kasuwa mai 'yanci don ya ceci kasuwar. Magoya bayansa da yawa ba su yafe masa wannan maganar ba.

Wai da gaske Obama Musulmi ne?

A'a. Kirista ne. Har rigimar da ta fi damunsa a Maris 2008 ta limamin cocinsa ce, Jeremiah Wright. McCain kansa ya karɓe makirufo daga hannun wata mata a wani taro a Minnesota da ta kira Obama Balarabe, ya ce mata ba haka ba ne. Don Allah a bar wannan tambayar ta huta.

'Yan jarida sun goyi bayan Obama, ko kukan wanda ya sha kaye ne?

Nan kam masu ra'ayin riƙau suna da hujja, kuma ina faɗa duk da na san wasu ba za su ji daɗi ba. Cibiyar bincike ta Pew ta duba labaran makonni shida bayan manyan tarukan jam'iyyun biyu, ta ga kashi 57 cikin ɗari na labaran McCain na suka ne, na Obama kuwa kashi 29. Bayan zaɓe, Deborah Howell, wadda aikinta a Washington Post shi ne sauraron ƙorafin masu karatu, ta rubuta a jaridar cewa labaransu sun karkata wajen Obama. Chris Matthews na gidan talabijin na MSNBC ya faɗa a iska cewa jawabin Obama ya sa ya ji wani tsuma na bin ƙafarsa. New York Times ta buga sharhin Obama kan Iraƙi a Yuli, ta mayar wa McCain nasa ta ce ya sake rubutawa. Ga kuma Sarah Palin, gwamnar Alaska da McCain ya ɗauka mataimakiya, wadda suke ganin an yi mata tonon silili irin wanda ba a yi wa Joe Biden, ɗan takarar mataimakin Obama, ba.

Amma kada ka tsaya a nan. Yawancin waɗancan labaran na suka kan tseren ne: McCain na baya a ƙuri'ar jin ra'ayi, labarin wanda ke baya kuwa ba ya zuwa da daɗi. Palin ma ba Katie Couric, 'yar jaridar da ta yi hira da ita, ce ta hana ta faɗin sunan jarida ɗaya da take karantawa ba. Sannan masu ra'ayin riƙau ma ba marayu ba ne. Fox News tana nan tun 1996, Rush Limbaugh kuma a lokacin yana rediyo a faɗin ƙasar tun 1988 (ya rasu a 2021), miliyoyi na sauraronsa kullum. Laifi tudu ne.

Ni ina da 'yan kuɗina a banki. Idan irin haka ta faru, ceton banki alheri ne gare ni ko cuta?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsarta ba ta da daɗin ji, domin ya danganta da wace hula ka sa: ta mai ajiya, ta mai hannun jari, ko ta mai biyan haraji. Mutum ɗaya kan iya sa duka ukun.

A matsayinka na mai ajiya, kusan kullum ceto ya fi maka. Dubi abin da ya faru a makon da ba a yi ceton ba. Ranar 15 ga Satumba aka bar bankin Lehman Brothers ya durƙushe, wato aka yi daidai abin da masu ra'ayin riƙau ke cewa a yi. Washegari wani babban asusun zuba jari da mutane ke ɗauka kamar ajiyar banki ya kasa biyan dala da dala, saboda yana riƙe da takardun bashin Lehman. Jama'a suka fara rige-rigen kwashe kuɗinsu daga irin waɗannan asusun. Bankuna suka daina ba juna rance, tunda babu wanda ya san wa ke ɗauke da ruɓaɓɓen bashi. Kamfanonin da ke cin bashin kwana kaɗan su biya albashi suka shiga uku. A ranar 16 ga Satumbar dai gwamnati ta ba kamfanin inshora na AIG dala biliyan 85, kwana ɗaya bayan ta ce ba ta ceton kowa. Dokar Oktoba kuma ta ɗaga inshorar ajiya daga dala 100,000 zuwa 250,000. Idan ajiyarka ba ta wuce iyakar inshora ba, ko bankin ya mutu kuɗinka na nan. Idan ta wuce, to ceton ne ya tsaya maka.

A matsayinka na mai hannun jari, kada ka yi murna da wuri. Ceton banki ba lallai ya zama ceton masu bankin ba. Masu hannun jarin AIG da manyan kamfanonin bashin gidaje Fannie Mae da Freddie Mac kusan komai suka rasa. Mu nan ma mun ga irinsa: a Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya zuba naira biliyan 420 a bankuna biyar, ya sallami shugabanninsu, daga baya kuɗin ya kai biliyan 620, a 2010 aka kafa AMCON ta saye basussukan da suka ƙi biyuwa. Masu ajiya ba su yi asara ba. Wanda ya sayi hannun jarin waɗancan bankunan a lokacin da farashi ke sama, je ka tambaye shi.

A matsayinka na mai biyan haraji kuwa, a nan maganar masu ra'ayin riƙau take da nauyi, kuma ni ban iya ture ta gaba ɗaya. Ko da an dawo da kuɗin, akwai farashin da ba ya fitowa a lissafi. Manyan bankunan sun fito daga rikicin sun ƙara girma: JPMorgan Chase ya haɗiye Bear Stearns da Washington Mutual, Bank of America ya haɗiye Merrill Lynch, Wells Fargo ya ɗauki Wachovia. Kowa ya koyi darasin cewa idan ka yi girma sosai ba za a bari ka faɗi ba. A Maris 2009 aka ji AIG, da kuɗin jama'a a aljihunsa, zai raba wa ma'aikatan sashen da ya jawo masifar ladan dala miliyan 165. Miliyoyin iyalai kuwa aka ƙwace musu gidaje.

To me zan ce maka? A ganina, a makon da wuta ke ci, ceto ya fi barin ta ta cinye unguwa, kuma yawancin 'yan majalisar da suka sauya ƙuri'a tsakanin 29 ga Satumba da 3 ga Oktoba abin da suka hango ke nan. Amma akwai bambanci tsakanin ceton da ke korar shugabannin banki ya shafe masu hannun jari, da wanda ke barin kowa a kujerarsa. Na farkon zan iya kare shi, na biyun da ƙyar. Kuma ina iya yin kuskure a kan yadda abin zai kasance da an ƙi ceton, domin hanyar da ba a bi ba kowa na iya yi mata ado. Kai dai abin da ke hannunka: ka san iyakar inshorar ajiya a ƙasarka, a Najeriya NDIC ce ke riƙe da wannan, kuma idan kuɗinka sun wuce iyakar kada ka tara su a banki ɗaya. Kada kuma ka tayar da hankalinka. Mai ƙaramar ajiya shi ne na ƙarshe da ake bari ya yi asara.

Wa masu ra'ayin riƙau suke ɗora wa laifin rikicin tun farko?

Gwamnati. Suna cewa ita ta matsa a ba marasa ƙarfi bashin sayen gida, ta hanyar wata doka ta 1977 da kuma Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda gwamnati ta karɓe ranar 7 ga Satumba 2008. Kwamitin da majalisa ta kafa don binciken rikicin ya fitar da rahoto a 2011, mafi rinjayensa suka ce dokar 1977 ba ta taka wata muhimmiyar rawa ba, laifin na gangancin bankuna ne da sakacin masu sa ido. 'Yan Republican na kwamitin suka ƙi sa hannu, suka rubuta nasu. Har yau ba su daidaita ba.

Da 'yan jarida sun yi adalci, da McCain ya ci?

Ban yarda ba. Jam'iyyarsa ta shekara takwas a mulki, ga yaƙin Iraƙi, ga Bush da farin jininsa ya zube. A ranar da Lehman ya faɗi McCain ya fito ya ce tushen tattalin arzikin Amurka na da ƙarfi. Ranar 24 ga Satumba ya ce ya dakatar da kamfe ya koma Washington don a warware matsalar, aka yi taro a Fadar White House washegari aka tashi ba a cimma komai ba. Ga kuɗi: ya karɓi dala miliyan 84 na gwamnati ya ɗaure kansa da su, Obama ya ƙi karɓa ya tara kusan miliyan 750. Tazarar ƙuri'a ta kusa miliyan goma. Jarida ba ta ƙera wannan.

Wani abin da ba ku sani ba: da yawa daga masu ra'ayin riƙau ba su taɓa son McCain ba. Suna ganinsa mai yawan haɗa kai da 'yan Democrat kan shige da fice da dokar kuɗin kamfe. Palin suka fito zaɓa.

Ina fushin nasu ya tafi bayan zaɓe?

Ya koma Tea Party, gwagwarmayar masu adawa da haraji da yawan kashe kuɗin gwamnati. A Fabrairu 2009 Rick Santelli na gidan talabijin na CNBC ya yi ta faɗa a iska daga kasuwar Chicago kan shirin taimaka wa masu bashin gida, ya kira a yi gangami, mutane suka amsa. Kuma nasu suka fara ci. Sanata Bob Bennett na Utah, ɗan Republican da ya shekara goma sha takwas a majalisa, 'yan jam'iyyarsa suka hana shi tikiti a 2010, ƙuri'arsa ta TARP na cikin manyan laifuffukan da suka lissafa masa. A Nuwamban shekarar Republican ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai.

An dawo da kuɗin kuwa?

Ba a ma kashe biliyan 700 ɗin duka ba, a 2010 aka rage iyakar zuwa 475. Abin da aka ba bankuna ya dawo har da riba. An yi asara a kan kuɗin da aka ba kamfanonin motoci General Motors da Chrysler, na shirin taimaka wa masu bashin gida kuma dama ba rance ba ne. Wanda ya turo mini wannan tambayar sau uku a mako ɗaya, ka ji.