Lasin ƙaramar mota, jikin babbar mota: yadda doka ke kallon manyan a-kori-kurar Amurka

Duk wanda ya saba da Hilux a matsayin babbar a-kori-kura zai sha mamaki in ya tsaya kusa da Ford F-150 ko RAM 1500. Tsawonsu ya kusa mita 6, faɗinsu ya haura mita 2, bonet ɗin wasu kuma ya kai ƙirjin babban mutum. Shi ya sa ake ta jayayya a Amurka da Turai kan ko ya dace a ci gaba da tuƙa su da lasin da ake tuƙa Corolla.

Da farko dai, lasi ba ruwansa da tsawon mota ko tsayin gabanta. Nauyi yake dubawa, kuma ba nauyin motar a fanko ba. Ana duba iyakar nauyin da kamfani ya rubuta cewa za ta iya kaiwa in an haɗa ta da mai da direba da fasinja da kaya.

A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasinta, amma gwamnatin tarayya ta ja layi da dokar 1986, wadda ta haifar da lasin direbobin manyan motocin haya da ake kira CDL. Ana buƙatarsa in nauyin ya kai laba 26,001, wato kusan kilo 11,800, ko motar tana ɗaukar mutum 16 har da direba, ko tana dakon kaya masu haɗari. Abin da bai kai nan ba, lasi na kowa da kowa ya isa. Ford F-350, wadda nauyinta a takarda kan kai kilo 6,350, ba ta ma kusanci layin ba. A jihohi da dama yaro ɗan shekara 16 da ya ci jarrabawa da ƙaramar mota zai iya hawa ta washegari, doka ba ta ce masa uffan ba.

Layin Tarayyar Turai ya fi ƙasa nesa ba kusa ba. A dokar lasi ta 2006, rukunin B, wato lasin ƙaramar mota, ya tsaya ne a kilo 3,500, da fasinja takwas ban da direba. Daga nan zuwa kilo 7,500 sai lasin C1, wanda ke da tasa jarrabawar da gwajin lafiya, ana kuma sabunta shi duk shekara biyar. Motar da ta haura 3,500 ta koma motar dakon kaya. A Jamus, alal misali, ba za ta wuce gudun kilomita 80 a awa ba ko a babban titi. Ke nan F-350 ɗin da ɗan sakandare ke zuwa makaranta da ita a Texas, a Berlin babbar mota ce.

Sai dai waɗanda aka fi shigarwa Turai, irin RAM 1500, nauyinsu a takarda bai wuce 3,500 ba, don haka lasin B ya wadatar. Wasu masu shigo da waɗanda suka ɗan fi nauyi kan yi musu rajista a 3,500 cif. Mai motar ya huta da neman C1, amma kayan da doka ta yarda ya ɗora sun ragu ƙwarai, in kuwa aka ɗora shi a sikeli ya haura, tara ce.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da ke kashe mai tafiya a ƙasa ba nauyi kaɗai ba ne, har da siffar gaban motar. Mota mai gajeren bonet ƙafafu take bugewa, mutum ya faɗo kan bonet. Mai dogon gaba kamar bango kuwa ƙugu da ƙirji da kai take samu, ta tura mutum gaba, sau da yawa ta bi ta kansa. Ga kuma wurin da direba ba ya gani a gaban hancin motar, inda ƙaramin yaro zai tsaya ba a san da shi ba. A 2023 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta duba haɗurra kusan 18,000. Ta gano cewa motar da gabanta ya haura inci 40, wato mita ɗaya da ɗan kai, ta fi mai inci 30 ko ƙasa da haka yiwuwar kashe wanda ta buge da kimanin kashi 45 cikin ɗari. Masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe a Amurka sun tashi daga kimanin 4,100 a 2009 zuwa sama da 7,500 a 2022. Ba girman mota ne kaɗai sanadi ba, akwai waya a hannun direba da titunan da ba fitila, amma yana da hannu.

Girman nan kuma ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1964 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan a-kori-kurar waje, abin da ya kare kasuwar Ford da Chevrolet. Dokar tsimin mai ta 1975 ta sassauta wa wannan rukuni, daga baya kuma aka ɗaure ƙa'idar da girman mota: iya girmanta, iya sauƙin sharaɗin. Ɗan kasuwa ma yana samun rangwamen haraji mai tsoka in motarsa ta haura laba 6,000.

A ganina, tsaurara lasi zai taimaka amma ba zai warware matsalar ba. Direba mai C1 ya fi sanin birki da kwana, sai dai ilminsa ba ya rage tsayin bonet. Maganin yana wajen ƙa'idar ƙera mota, kuma Turai tana da ita: gwajin kare masu tafiya a ƙasa, da birki mai kama kansa wanda ya zama dole ga sababbin motoci tun Yulin 2024. Manyan a-kori-kurar Amurka ba sa bin wannan ƙofa. Suna shiga ne ta hanyar da ake kira IVA, inda ake amince wa mota ɗaya-ɗaya da sharuɗɗa masu sauƙi. An tanade ta ne don motoci na musamman, amma yanzu dubbai ke bi ta nan duk shekara.

Ita kanta dokar lasin sassauci aka yi mata. Sabuwar da majalisar Turai ta amince da ita a Oktoban 2025 ta bar mai lasin B na shekara biyu ya tuƙa mota mai lantarki har kilo 4,250, saboda nauyin batir. A Amurka, hukumar kiyaye haɗurran mota ta tarayya, NHTSA, ta gabatar da daftarin gwajin kare kan mai tafiya a ƙasa a Satumban 2024, ga motocin da ba su wuce laba 10,000 ba. A Agustan 2025 kuma Amurka da Tarayyar Turai suka fitar da sanarwar ciniki da ke cewa suna da niyyar karɓar ƙa'idojin motocin juna. In hakan ta tabbata, RAM da F-150 ba sa ma buƙatar IVA kafin su shiga.