Murfin injin gidan burodi: wa doka ta ɗora wa alhaki?

Injin da ke juya kwaɓin fulawa mai nauyi bai san bambancin kwaɓi da hannun mutum ba. Haka injin murza kwaɓi mai ƙarafa biyu masu juyawa, haka injin yanka burodi. Da yatsa ya shiga, sai ya ja sauran hannun.

A 1963 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 119 kan killace injuna, wadda ke aiki a ƙasashen da suka amince da ita. Ta raba alhakin gida uku. Mai sayar da inji ko mai ba da hayarsa ba shi da damar miƙa shi alhali wuraren haɗarinsa suna buɗe. Mai gidan burodi wajibinsa ne ya tabbatar da kariyar tana nan, ya kuma koya wa ma'aikata haɗarin da ke tattare da injin. Shi ma ma'aikaci an hana shi aiki da injin da aka cire wa murfi, an kuma hana kowa tilasta masa yin hakan. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a ganina, domin sau da yawa "yi sauri, ana jiran kaya" ce ke sa a cire murfi.

To amma inji sai an wanke, kwaɓi kuma yakan maƙale, dole a buɗe. A nan ne hannaye da dama ke salwanta: mutum ya kashe makunni ya zura hannu yana kankarewa, abokin aikinsa da bai gan shi ba ya zo ya kunna.

Hukumar OSHA, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da ƙa'ida kan wannan a 1989. Kashe makunni kawai bai wadatar ba. Sai an katse wutar daga tushe, mai gyaran ya sa kwaɗonsa a wurin, ya rataya alamar da ke nuna shi ne ya kulle, sannan ya gwada kunnawa don ya tabbatar injin ba zai motsa ba. Wanda ya sa kwaɗon shi ne zai cire shi.

Idan kuma aka matsa wa ma'aikaci? Wata yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 155 ta 1981, ta ce wanda ya janye daga aiki saboda yana da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin mummunan haɗari na dab da afka masa, a kare shi daga hukuncin da bai dace ba.