Girkin Sallah ga mai lalurar ƙafa ko hannu: tambayoyi da amsoshi

Shan inna ya kama ni ina 'yar shekara uku, ya bar min ƙafar hagu ba ta ɗaukar nauyi. Da sanda biyu nake tafiya. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina girkin Sallah a ɗakina, a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan da yawa a ƙasar Kano da Jigawa, mun girma, mun yi aure, tukunya tana jiranmu. Ga abin da 'yan'uwa mata suka fi tambayata, a gidan biki ko ta waya.

Yaya, ba gara mai lalura ta haƙura a dafa mata ba?

Idan ita ta ce ta gaji, a dafa mata, babu laifi. Abin da nake ƙi shi ne a yanke mata hukunci. Na ga gidan da ranar Sallah ta faɗo a girkin mai lalura, aka karɓe aka ba abokiyar zamanta ba tare da an ji ta bakinta ba, wai tausayi. Ta wuni a ɗaki tana jin ƙamshin miyar wata a ranarta. Abin da ya fi ƙarfinmu a girki sananne ne: ɗiban ruwa, faskare, daka, da sauke babbar tukunya. Auna gishiri da daddawa, sanin lokacin da kabewa ta narke, rabon nama a kwanukan maƙwabta, duk wannan ba da ƙafa ake yin sa ba. Mai son taimako ya ɗauke mata na farkon, ya bar mata na biyun.

Yaushe ya kamata a fara shiri?

Kwana uku kafin Sallah, in da hali ma huɗu. Jikinmu yana da iyaka, wadda ta tara komai zuwa daren jajibere za ta wayi gari kafaɗa ta riƙe, ga hannu ya yi tsami saboda sanda. Ni ranar Lahadin ƙarshe nake aikawa kasuwar Ɗambatta a sayo kayan miya da mai. Washegari a soya gyaɗar taushe a kai inji, a daka yaji. Cincin na yi shi tun da wuri, ba ya lalacewa. Tumatir, tattasai da attaruhu a markaɗo su ana jibi Sallah, in tafasa su har ruwan ya tsotse, in soya da mai, washegari in sake ɗumamawa sosai tunda ba mu da firij. Ruwa kuwa a cika randa da duro tun kafin 'yan ga-ruwa su tafi nasu shagalin. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ba abin da mai sanda za ta ja ba ne.

Yaya za a gyara wurin girkin?

Nan ne maganar take. Murhun duwatsu uku an yi shi ne don mai iya tsugunawa ta miƙe da sauri in tukunya ta karkace. Mu ba mu da wannan saurin. Na sa an gina min murhun laka mai baki biyu, tukunya tana nutsewa a ciki har kusan wuyanta, ko na tuƙa da ƙarfi ba ta motsi, kuma bai kai murhun duwatsu cin itace ba. Tsayinsa daidai da zamana a kan kujera 'yar tsugunno. Mai keken guragu kuma a ɗaga mata shi a kan dakali, yadda za ta leƙa cikin tukunya ba tare da ta sunkuya kan wuta ba, kuma ta matso ta gefe, kada gwiwoyinta su fuskanci bakin murhu.

Kafin in kunna wuta, komai yana inda hannuna zai kai: itace a dama, bokitin ruwa da moɗa a hagu, kayan ɗanɗano a faranti ɗaya, sanduna a jingine a bayana. Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa bakin damina, tsakar gida ta yi santsi. A zuba yashi a hanyar madafi, a duba robar gindin sanda, in ta cinye a sa sabuwa. Kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada a shiga ɗaki da gawayi a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wane abinci ya fi sauƙi?

Waina da miyar taushe. Aikin zaune ne daga farko har ƙarshe, inji ya yi markaɗe, ƙullu ya kwana ya tashi, ke da tanda kawai. Tuwon shinkafa ma yana yiwuwa in an bar shinkafar ta yi luguf kafin a sa muciya, kuma a raba shi tukunya biyu matsakaita maimakon ƙatuwa ɗaya. Kada ki sauke tukunya mai zafi. Janye itacen, ki kwashe a inda take.

Wadda ɓarin jikinta ya shanye, hannu ɗaya take aiki da shi fa?

Ita shinkafa da miya ko dafa-duka sun fi mata. A sa kafinta ya buga ƙusoshi biyu marasa tsatsa a jikin katako, tsininsu a sama, ta soke albasa ko kabewa a kai ta yanka. Ƙwarya ko roba a ɗora ta a kan gammo ko jiƙaƙƙen tsumma don kada ta zame.

Ƙuna fa? Ita muka fi tsoro.

Da gaskiyarku. Mai shan inna tana jin zafi, matsalarta gudu. Amma wadda ta samu rauni a ƙashin baya, ko wadda kuturta ta taɓa jijiyoyin hannunta, ko mai ciwon suga da ƙafarta ta daina jin taɓi, tana iya ƙonewa ba ta sani ba sai ta ga bororo. Irin waɗannan kada su ɗora kwano mai zafi a cinya, su riƙa kama murfi da tsumma mai kauri, su yi amfani da ludayi mai dogon mariƙin itace, in an gama girki su duba hannu da ƙafa da ido. Mai sa ƙarfen ƙafa ta tuna yana ɗaukar zafi in ya daɗe kusa da wuta. Hijabi mai santsi a cire shi, yana narkewa ya manne a fata. Atamfa da ɗankwali ɗaure tam sun fi.

In tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Kada a fasa bororon. Ƙunar da ta fi tafin hannu faɗi, ko ta fuska, hannu ko gaɓa, asibiti za a nufa ko da ranar Idi ce.

Suyar naman layya, ita ma da kanki?

Da kaina, amma ba a rana ɗaya ba. Ranar yanka kayan ciki kawai nake yi. Maigida da ƙannensa su feɗe su rataye, washegari su sassara ƙashi su kawo min a kan tabarma in yanka a zaune. Ina fara tafasa naman da albasa, citta da gishiri har ruwan ya ƙone, sannan in soya kaɗan-kaɗan a mai da bai wuce rabin kasko ba, in tsame da matsami mai dogon hannu. Naman da ya soyu ya bushe sarai shi ke daɗewa ba firij. Ɗiyar ƙanwata takan zauna kusa da ni tana miƙo itace, tana kore ƙananan yara daga bakin wuta. Kaskon kuwa ba mai taɓa shi sai man ya huce, wani lokaci sai bayan la'asar.