Dokar 1701: Yadda Majalisa Ta Zaɓa Wa Ingila Gidan Sarauta

A ƙasar Hausa idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki ne ke zama su duba 'ya'yan gidan sarauta su fitar da ɗaya. A Ingila babu wannan zama. Da zarar sarki ya cika, magajinsa ya zama sarki nan take, tun kafin jana'iza, balle bikin naɗi. Haka Charles na Uku ya hau karaga ranar 8 ga Satumban 2022, ranar da mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta rasu. Doka ce ta riga ta yi zaɓen tun 1701, kuma rigimar gado ce ta haife ta.

Sarki James na Biyu, wanda ya hau mulki a 1685, ɗan ɗarikar Katolika ne, alhali galibin talakawansa da manyan ƙasar mabiya Furotesta ne. Sun yi ta haƙuri da shi saboda ya manyanta, kuma 'ya'yansa mata biyu, Mary da Anne, a Furotesta suka tashi. Kwatsam a watan Yunin 1688 matarsa ta biyu ta haifa masa ɗa namiji. A al'adar lokacin namiji ke gaba da mace ko da shi ne ƙarami, ke nan sarauta za ta zauna a hannun Katolika. Nan take aka baza jita-jita cewa jaririn ba na sarki ba ne, wai a cikin kaskon ɗuma gado, irin mai dogon mariƙi da ake zuba wa garwashi, aka shigo da shi ɗakin haihuwa a ɓoye. Ƙage ne, amma ya yi wa masu shi amfani.

Manyan ƙasar su bakwai suka rubuta wa William na Holan, mijin Mary, suka ce ya zo. Ya sauka da rundunarsa a Nuwamba, James ya tsere Faransa a Disamba. Majalisa ta ce kujera ta zama ba mai ita, ta naɗa William da Mary tare a 1689, ta kuma rubuta cewa Katolika ba zai ƙara mulkin Ingila ba.

Sai haihuwa ta ƙi. William da Mary ba su samu ɗa ba. Anne kuwa ta yi ciki har sau goma sha bakwai, yawanci ɓari ko a haifa babu rai, kuma ɗan da ya ɗan yi kwana ya rasu a 1700 yana da shekara 11. Ga ɗan James can a Faransa yana jira. Wannan tsoro ne ya sa majalisa ta kafa dokar 1701.

Abin da dokar ta ce ba shi da wuyar ganewa. Tunda Mary ta riga ta rasu, idan William da Anne suka rasu babu magaji, sarauta ta koma ga Sophia ta Hanoba a ƙasar Jamus, jikar Sarki James na Ɗaya, da zuriyarta, muddin Furotesta ne. Duk wanda ya zama Katolika, ko ya auri Katolika, ya fita daga layi. Wanda ya hau kuma dole ya kasance cikin Cocin Ingila. Har gobe babu mai gadon sarautar Birtaniya sai tsatson Sophia, kuma sai wanda aka haifa ta hanyar aure.

Sophia ba ta ɗana kujerar ba. Ta rasu a Yunin 1714, ƙasa da wata biyu kafin Anne, wadda ta gaji William a karaga, sai ɗan Sophia, George, ya zo daga Jamus ya zama sarki, ko Turancin kirki ba ya ji. An tsallake mutum wajen hamsin da suka fi shi kusanci ta jini, don kawai Katolika ne. Magoya bayan gidan James ba su haƙura ba. Sun yi tawaye a 1715, suka sake a 1745 ƙarƙashin jikansa Charles Edward, har suka kai garin Derby, kafin a murƙushe su a Culloden ta Sikotlan a 1746. A ganina nan ne zuciyar maganar take: tun daga lokacin, jini kaɗai ba ya ba mutum sarauta a Ingila, sai majalisa ta yarda. Shi ya sa ko da Edward na Takwas ya yi murabus a 1936, sai da aka yi doka ta musamman kafin murabus ɗin ya tabbata.

An yi wa tsarin gyara da dokar 2013, wadda ta fara aiki a Maris 2015, bayan shugabannin ƙasashe 16 da Sarauniya Elizabeth ke shugabanta a lokacin sun amince a birnin Perth na Ostireliya a 2011. Ga duk wanda aka haifa bayan 28 ga Oktoban 2011, babba shi ne gaba, mace ko namiji. Don haka Gimbiya Charlotte, jikar Sarki Charles, ba ta ja baya ba da aka haifi ƙanenta Louis a 2018, saɓanin Gimbiya Anne ta yanzu, ƙanwar Sarki Charles, da ƙannenta maza suka sha gabanta. Auren Katolika ma ya daina fitar da mutum, abin da ya maido da Yarima Michael na Kent layin da ya rasa saboda aurensa na 1978. Neman izinin sarki kafin aure kuma an taƙaita shi ga mutum shida na farko a layi.

Gyaran na mata ya yi daidai, sai dai ya makara ƙwarai. Sharaɗin addini kuwa ba a taɓa shi ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce sarki ne shugaban Cocin Ingila, ba zai jagoranci cocin da ba ya ciki ba. Na fahimci hujjar, amma ba ta gamsar da ni a ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta Katolika ne, Musulmi ne, Hindu ne. Yau da Yarima George, yayan Charlotte, zai girma ya koma Katolika, kujerar ta kuɓuce masa, ta wuce ga wanda ke biye da shi.